Sarƙa da dutse: yadda muke rainon karen da zai ciji ƴaƴanmu

A watan Maris da ya wuce na je wata makarantar firamare da ke bakin gari, domin in duba ɗaya daga cikin ɗalibanmu masu gwajin koyarwa. Ina zaune a bayan aji da takardar ba da maki a hannu aka buga ƙarfen shan iska na ƙarfe goma. Ba a yi minti biyar ba sai muka ji ihu daga bayan azuzuwan zana. Ashe wata karya ce ta haihu a ƙarƙashin tarin bulo, yara suka gano ta, suka kewaye ta da jifa. Da ta ga babu hanyar fita, sai ta yo kan wanda ya fi kusa da ita, wani yaro ɗan ajin CE1, ta kafa masa haƙora a ƙwauri.

Abin da ya biyo baya shi ya hana ni barci a daren nan. Mu manya mun fi goma a wurin. Wani ya ciro ƙyalle ya ɗaure ciwon tamau. Mai sayar da ƙosai a bakin makaranta ta ce a zuba barkono da toka. Wani dattijo mai wucewa ya ce a yanko gashin karyar a ƙona a shafa. Samarin unguwa kuwa tuni sun ɗauko sanduna. Babu wanda ya ambaci sabulu. Ni ma ba don likitan dabbobi ya taɓa ja mini kunne a kan karen gidana ba, da ban tuna ba. Muka kwance ƙyallen, aka kawo jarkar ruwa da sabulun wanki daga ofishin darakta, muka yi ta wanke ciwon ina duba agogo har minti 15 suka cika. Yaron yana kuka, mutane suna cewa azabtar da shi muke yi. Daga nan aka ɗora shi bisa kabu-kabu sai likita.

Kafin azahar an kashe karyar an jefar da ita a kwazazzabo. Da an tsare ta an sa mata ido na kwana goma aka ga lafiyarta ƙalau, da wataƙila likita ya tsayar da alluran a tsakiya. Tunda ba a yi haka ba, dole yaron ya karɓe su har ƙarshe, kuma sai da mahaifinsa ya sayar da akuya. Yaron yana nan lafiya, alhamdu lillahi.

Tun daga ranar nake juya maganar a raina. Haƙoran na karya ne, amma cizon da hannunmu a ciki. Kare a garuruwanmu hanya biyu muka buɗe masa. Ko dai yana ɗaure da sarƙa a lungun gida, ba ruwa ba inuwa, wai don ya yi zafi, ko kuwa yana yawo a bola, duk yaron da ya gan shi ya duƙa ya ɗauki dutse. Sarƙa da dutse duka abu guda suke koya masa: ɗan Adam abin tsoro ne. Karen da ke jin tsoro kuwa shi ne mai cizo. Ra'ayina shi ne, duk wanda ya ajiye kare ya ɗauki amana, kuma koya wa yaro yadda ake zama da kare aiki ne na iyaye da malamai, kamar koya masa tsallaka titi.

Abin da za a ce mini

Na san wasu tun daga kanun rubutun nan sun fara ɓata fuska. Magana uku na saba ji, kuma kowace tana da ƙamshin gaskiya.

Ta farko ta addini ce. Gaskiya ne an hana ajiye kare haka kawai ba da wata bukata ba, kuma an yi umarni da wanke ƙwaryar da ya sa baki a ciki sau bakwai. Amma wurin da aka hana, nan aka keɓe karen farauta da na kiwo da na gona. A mazhabar Malikiyya da muka tashi a cikinta, duk abu mai rai tsarkakakke ne, har da kare da yawunsa, wankin ƙwarya kuwa ibada ce da aka umarce mu da ita. An ruwaito cewa Ibn Abi Zaid, mai littafin Risala da ake karantawa a zaurukanmu, ya ajiye kare a gidansa lokacin da katangarsa ta faɗi yana tsoron masu cutarwa, kuma malamai da yawa sun haɗa gadin gida da gadin gona a hukunci. A cikin suratul Ma'ida an halatta abin da dabbar farauta da aka horar ta kamo, wato horar da kare ilimi ne da shari'a ta san da shi. Kowa kuma ya ji labarin mutumin da aka gafarta wa domin ya ɗebo ruwa daga rijiya da huffinsa ya shayar da kare mai ƙishirwa, da na matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle ba ci ba sha. Wanda ya ɗaure kare a rana tsaka a watan Afrilu, ya duba ya ga cikin mutanen nan biyu da wanne ya fi kama. Ba cewa nake a shigar da kare ɗaki ko a kwana da shi a gado ba. Ban ma ce kowa ya ajiye ba. Wanda ba shi da bukata, barinsa ya fi masa alheri. Da wanda ya riga ya ajiye nake magana.

Ta biyu ta talauci ce: mutane ba su ƙoshi ba, kai kana zancen kare. To ai don haka nake zancen. Ɗan mai hali a mota ake kai shi lakwal. Ɗan talaka ne ke ratsa lungu da bola da ƙafa, shi ke haɗuwa da karen da maigidansa ya saki da yunwa, kuma ubansa ne zai sayar da akuya. Ruwa da inuwa ba su da tsada. Allurar kare sau ɗaya a shekara ba ta kai kuɗin jinyar cizo guda ba. Wanda kuma ya san ba zai iya ciyarwa ba, kada ya karɓo kwikwiyo don an ba shi kyauta. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Ta uku ita ce wai kula da kare al'adar Turawa ce. Wanda ya faɗi haka bai taɓa zama da maharba ko makiyaya ba. Ɗan farauta ya san karnukansa ɗaya bayan ɗaya da sunansu, kuma ba ya cin nama ya hana su. A arewacin jahar Tawa, wajen Abalak da Cintabaradan, akwai dogon karen nan siriri mai gudu da Buzaye ke kira oska. Turawa sun ɗauke shi zuwa ƙasashensu tun shekarun 1970, suka sa masa sunan yankin da ya fito, Azawak, yau ana alfahari da shi a Faransa da Amurka. Ba su suka koya wa makiyayi shayar da kwikwiyo nono ba. Mu mutanen birni ne muka ɗauko kare daga daji, muka baro ilimin riƙonsa a can.

Kuskuren da na yi da nawa

Ba daga sama nake wannan magana ba. Shekara shida da suka wuce ɓarayi suka haura gidana ana saura mako biyu babbar salla, suka tafi da raguna biyu. Cikin fushi na nemo kwikwiyo baƙi, ko wata guda bai cika ba, yara suka sa masa suna Duna. Na bi duk shawarar da majalisa ta ba ni: a ɗaure shi a wuri mai duhu, kada a bari kowa ya yi wasa da shi, kada a ƙosar da shi, a riƙa sa masa barkono a abinci. Abin da kawai ban yi ba shi ne yanke masa kunne da wutsiya, shi ma don uwargida ta hana.

Kafin ya kai wata takwas ya zama abin da aka ce zai zama. Haushi dare da rana. Maƙwabci, mai tallar nono, surukata, duk ɗaya ne a wurinsa. Wata safiya ya tsinke igiya ya yi kan wani almajiri da ya shigo da robarsa, Allah Ya kiyaye rigarsa kaɗai ya yage. Wani dattijo Buzu mai gadin wani gida a layinmu ya leƙo ya tsaya yana kallon karen, wutsiya a matse, kunnuwa a kwance, yana haushi yana ja da baya. Ya ce mini: "Mushe, wannan ba gadi yake yi ba, tsoro yake ji." Na ce: "Baba, ai so nake ya yi zafi saboda ɓarayi." Ya ce: "Karen da bai san kowa ba, yaya zai gane baƙo? Ka nuna masa mutanen gida tukuna, ɓarawo shi zai nuna maka."

Ni da nake koyar da dabarun koyarwa, mai gadi ne ya tuna mini da darasina.

Haƙƙin kare a kan maigidansa

Na farko ruwa. Kare ba ya zufa kamar mutum, da lallage harshe yana haki yake rage zafin jikinsa. A bazararmu da zafi ke wuce digiri 40, karen da ba shi da inuwa da ruwa yana iya mutuwa cikin yini guda. A ba shi kasko nasa na kansa, a wanke, a cika safe da yamma, a ajiye a inuwa. Da haka ma an rabu da matsalar sa baki a kwanonin gida, domin ƙishirwa ce ke kai shi can.

Na biyu abinci. Ragowar tuwo da ƙanzo suna cika ciki, amma ba su wadatar ba. A riƙa haɗa masa da ɗan abin da mahauta ke zubarwa, a dafa tukuna, ko kan kifi, ko ɗan nono. Babban kare sau biyu a rana ya ishe shi, kwikwiyo sau uku ko huɗu. Dafaffen ƙashin kaza ko na zabo yana tsagewa ya huda hanji, kada a ba shi. Albasa mai yawa tana lalata masa jini, goro ma guba ne gare shi. Barkono kuwa babu jarumtar da yake ƙarawa sai ciwon ciki.

Na uku tsabta. Kaska da ƙuma da tsutsar ciki suna damun kare, kuma yaranmu a ƙasar da yake kashi suke wasa. A kwashe kashin kullum a binne, a nemi maganin tsutsa da na kaska wurin ma'aikatan kiwo. Kada a yi masa wanka da fiya-fiya ko maganin feshin gona, kada a ba shi ƙwayoyin ciwon kai na mutane. Da yawa sun kashe karensu da niyyar yi masa magani.

Na huɗu motsi. Karen da ke ɗaure awa 24 a igiya mai taku biyu hankalinsa taɓuwa yake yi, kamar yadda na kowa zai taɓu. Idan dole ne a ɗaure da rana saboda baƙi, igiyar ta yi tsawo, ta kai inuwa. Da asuba ko bayan la'asar a ja shi da igiya a zagaya. Da dare a sake shi cikin gida, ƙofa a rufe. Sakin kare a titi da dare ya je ya nemi abincinsa shi ne babban laifin masu karnuka a garuruwanmu. Can yake faɗa da karnukan da ba a san lafiyarsu ba, ya dawo da asuba ya kwanta kusa da yara.

Na biyar, wanda ya fi duka, allurar rigakafin haukan kare. Ana fara ta yana da wata uku, a riƙa sabuntawa a lokacin da likitan dabbobi ya rubuta, a adana katin kamar yadda ake adana takardar haihuwa. Ranar da karenka ya ciji ɗan maƙwabci, katin nan shi ne zai tsaya maka.

Mai karya kuma yana da ƙarin nauyi. Cikinta wata biyu ne kacal. Kwikwiyon da aka zuba a kwali aka kai bola da dare, in ya rayu, shi ne karen da zai haihu a bayan ajin wani malami baɗi. Kada a raba kwikwiyo da uwarsa kafin ya yi mako takwas, domin a wurinta da ƴan'uwansa yake koyon sassauta cizo. A nema masa gidan da za a riƙe shi, ko a tsare karyar lokacin da take neman namiji, ko a tambayi likitan dabbobi hanyar hana ta haihuwa.

Horo ba duka ba ne

Duk wanda ya bi ta makarantar horas da malamai ya haddace labarin Pavlov, masanin nan na Rasha da karensa ke zubar da yawu da jin alamar zuwan abinci. Mun rubuta shi a jarrabawa mun ci maki, amma ba mu taɓa gwada shi a tsakar gida ba. Kada a ce na kwatanta ɗan mutum da kare, ban yi ba. Sai dai ƙa'idodin da muke nanata wa ɗalibai malamai suna aiki a nan ma: darasi gajere, maimaitawa kullum, lada nan take, magana guda.

Da Duna kalma huɗu na fara: sunansa, "zo", "zauna", "bari". Minti biyar da safe, minti biyar da yamma, da ɗan guntun ƙuli-ƙuli a aljihu. In kira sunansa, da ya waiwayo in ba shi. In ɗaga ƙuli-ƙulin bisa hancinsa in kai baya kaɗan, da gindinsa ya taɓa ƙasa in ce "zauna" in ba shi a take. Idan ladan ya yi jinkiri ko da na ɗan lokaci ne, ba ya gane abin da aka biya shi a kai. Haka ma duka. Wanda ya dawo daga aiki ya tarar kare ya tauna takalmi tun safe ya hau shi da bulala, abin da ya koya masa shi ne dawowar maigida masifa ce.

Abu uku na koya da wahala. Kada ka kira kare don ka doke shi, in ka yi sau biyu ka kashe kalmar "zo", ranar da ya bi yaro kana kira ba zai juyo ba. Mutanen gida duka su yi amfani da kalma ɗaya, kada uba ya hana uwa ta bari. Sannan kada a hukunta kare don ya yi gurnani. Gurnani gargaɗi ne, yana cewa a ja baya. Karen da aka doke har ya daina gurnani shi ne wanda za a ce ya yi cizo ba zato ba tsammani.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Watanni ukun farko na rayuwar kwikwiyo su ne lokacin da yake rarrabe abin tsoro da abin da ba na tsoro ba. A lokacin ya kamata ya saba da yara da tsofaffi, da mai rawani da mai hijabi, da awaki da kaji da ƙarar babur, a hankali, cikin gida, ba tare da an firgita shi ba. Ni na ɓata wa Duna wannan lokaci a ɗaki mai duhu, shi ya sa gyaransa ya ci mini kusan shekara. Amma ya gyaru. Yau in an yi sallama yakan yi haushi biyu ko uku, in na ce "bari" ya koma inuwarsa. Da dare kuwa ko kyanwa ta taka katanga sai mun sani. Tun zuwansa ba a sake haura mini gida ba.

Akwai kuma ribar da ban yi lissafinta ba. Ɗana na biyu yana cikin masu jifar karnuka a da. Yanzu shi ke cika kaskon ruwa kafin ya tafi lakwal, ya wanke hannunsa da sabulu, kuma in ya manta ba na faɗa, sai in ce ya je ya dubi harshen Duna. Yaron da aka ɗora wa nauyin wani rai da ba ya iya magana yana koyon abin da ba a rubutawa a allo. Duk da haka kare kare ne. Ba ya shiga ɗaki, ba ya lasar fuskar kowa, kuma ba a barin ƙaramin yaro shi kaɗai da shi, komai sabo.

Abin da ya sa maganar ba ta wasa ba ce

Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare yana kashe mutum wajen 59,000 a kowace shekara, kusan dukansu a Afirka da Asiya. Kusan duk wanda ya kamu, daga kare ya samo shi. Cikin mutum goma da dabbar da ake zargi ta ciza, huɗu yara ne ƴan ƙasa da shekara 15, wato waɗanda ke zaune a azuzuwanmu. Ƙwayar cutar tana cikin yawu, tana bin jijiya a hankali har ta kai ƙwaƙwalwa. Yawanci sai bayan wata biyu ko uku alamu ke fitowa, lokacin ciwon ya warke kowa ya manta. Da zarar alamun sun fito, mutum ya fara firgita da ganin ruwa, kusan babu mai tashi. Kafin su fito kuwa allura tana hana ta sarai.

Ba kowane mahaukacin kare ne ke gudu yana cizo ba. Wani yin shiru yake, muƙamuƙi ya saki, yawu na zuba, sai maigida ya zaci ƙashi ne ya maƙale masa ya zura hannu a bakinsa. Duk karen da halinsa ya sauya farat ɗaya, a kulle shi a kira ma'aikatan kiwo.

Zuba guba a titi ba ya kawar da cutar. Karnuka sukan mutu, wasu su cike gurbinsu cikin ƴan watanni, gubar kuma ta kashe angulaye da karnukan da aka yi wa allura. Abin da aka tabbatar yana aiki shi ne a yi wa karnuka bakwai cikin goma allura. An gwada a Njamena, babban birnin Cadi, a 2012 da 2013, aka kai wannan adadi, cutar ta yanke a birnin na wani lokaci, sai daga baya ta sake shigowa da karnukan waje. Darasin a fili yake: abin yana yiwuwa a gari irin namu, amma ba aikin shekara guda ba ne.

Darasin rabin awa

Ga abin da nake roƙon kowane malami, daga CI har CM2, ya koya wa ajinsa, kowace uwa kuma ta maimaita a gida.

Kada ka jefi kare, kada ka tsokane shi, ko yana ɗaure. Kada ka kusanci kare yana cin abinci, ko yana barci, ko karya mai ƴaƴa. Idan kare ya nufo ka kada ka gudu, gudu ne ke sa shi bi. Ka tsaya cak kamar icce, hannuwa a jiki, kada ka zuba masa ido, in ya shinshina ya wuce ka ja da baya sannu. Idan ya kayar da kai, ka dunƙule ka rufe wuya da fuska da hannu. Idan kuma ya cije ka, ko ya yakushe ka, ko ya lashi wurin da kake da ciwo, ka faɗa wa babba nan take.

Wannan na ƙarshe namu ne mu manya. Yaro yana ɓoye cizo ne don ya san duka zai sha, a ce wa ya aike shi. Uban da ya doki ɗansa a kan cizon kare ya koya wa sauran ƴaƴansa yin shiru, shirun kuwa shi ke kisa.

In an yi cizon, a wanke da ruwa mai yawa da sabulu minti 15 cur, kowane irin sabulu. Kada a sa barkono, ko toka, ko ƙasa, ko man birki. Kada a ɗaure tamau. A tafi likita a ranar, ko ciwon ƙarami ne, musamman in a fuska ne ko wuya ko hannu. Ba a kowace likita ake samun allurar ba, a tambaya inda take a je, kuma a cika adadin da aka rubuta. Kada a jira a ga abin da zai sami karen kafin a fara. In karen yana da mai shi, a tsare shi a sa masa ido aƙalla kwana goma, a sanar da ma'aikatan kiwo. In ya mutu ko an riga an kashe shi, kada a jefar, su za su san yadda za a auna shi.

Wannan darasi ba ya bukatar littafi ko kuɗi. Yaro ɗaya ya zama kare, sauran su zama itatuwa, a yi dariya, ya zauna musu a kai. A kawo shi a taron CAPED, a sa shi a ajandar kwamitin COGES da ƙungiyar iyaye mata. Kowace makaranta ta tanadi sabulu da jarkar ruwa, darakta ya san lambar ma'aikacin kiwo mafi kusa. In karya ta haihu a harabar makaranta, a kewaye wurin da ƙaya a hana yara zuwa, a kira waɗanda aikinsu ne. Ranar 28 ga Satumba ita ce ranar yaƙi da haukan kare ta duniya, ranar da Louis Pasteur ya rasu, mutumin da a 1885 ya fara ceton ɗan Adam da wannan allura. Wanda ya ceta ɗin, Joseph Meister, yaro ne ɗan shekara tara, sa'an ƴan ajin CE2. Ranar tana faɗowa ana gab da komawa makaranta, don haka babu abin da zai hana darasin ya zama na makon farko. Magadan gari kuma, maimakon jiran a yi cizo a fito da guba, su haɗa kai da ma'aikatar kiwo a ware ranakun allura unguwa-unguwa, a yi shela a masallatai da gidajen rediyo.

Na koma makarantar nan a watan Mayu. Ɗalibin namu ya riga ni, ya yi darasin da kansa ba tare da na sa shi ba. Yaron da aka ciza shi ne ya fito gaban aji ya nuna yadda ake tsayuwar icce, ya ɗaga wando ya nuna tabon. Da aka tambaye shi abin da za a fara yi in kare ya ciji mutum, ya ce sabulu. A ranar da abin ya faru, mu manya fiye da goma muka tsaya a kansa, kalmar nan guda ta gagare mu. Allah Ya tsare mana zuri'a, Ya ba mu ikon riƙe amanar duk abin da muka ɗaure a gidajenmu.